Wutsiyar B ɗin Baba

Wallahi jama'a, na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. Masu ce mini "Auta, ki daina ɓoye-ɓoye, ki faɗa wa mahaifinki kowa ya huta," ku matso kusa. Yau abin ya fashe, kuma ba ta hanyar da na tsara ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce ƙaramar gidanmu, shi ya sa kowa Auta yake ce mini, har Oga a wurin aiki. Ina aiki a shagon buga takardu da yin allunan shaguna, ni ce mai zane a kwamfuta. Mutum ya kawo tambarinsa a takarda ko a hoton waya, in sake zana shi da layi mai tsafta wanda injin yanka zai bi. Layin nan ba jansa ake yi kamar da biro ba. Ɗigo-ɗigo ake dasawa, layin ya bi ta kansu. Kowane ɗigo yana da hannu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. In ka kama hannun da linzamin kwamfuta ka ja, layin ya lanƙwaso ya biyo ka. Ka ja da nisa ya yi tumbi, ka maido shi ya miƙe. Iyakar aikin ke nan, amma yana sa babba kuka.

Babana kuwa mai rubutun allo ne, da buroshi da fenti. A da, in ka bi titin kasuwa, rabin allunan hannunsa ne. Shaguna irin namu suka zo suka janye masa jama'a, daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama hannunsa na dama. Yana magana, yana takawa da sanda a cikin gida, amma hannun nan yana kwance a cinyarsa kamar na aro. Tun da ya kwanta ciwon bai sake taka ƙofar gida ba. Ranar da na samu aiki bai hana ni ba, "Allah ya taimaka" kawai ya ce. Amma bai taɓa leƙa fuskar kwamfutata ba. In na buɗe ta a falo, sai ya juya kujerarsa wajen taga.

Cikin duk allunan da ya rubuta, guda ɗaya ya rage a tsaye, na gidan burodin da ke kwanar babban titi. Kalma ɗaya ce, Burodi, da jan fenti a kan farin kwano. B ɗin yana da wutsiya wadda ta zagayo ta bi ƙarƙashin kalmar duka, ta je ta naɗe a ƙarshe.

Mai gidan burodin ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Ɗan nan kuma shi ne... to, kun dai gane. A wayata Mai Burodi na sa masa, shi kuma Malama yake ce mini. Dogo ne, mai magana a hankali kamar ba ya son tashin maƙwabta, kuma kullum akwai ɗan garin fulawa maƙale a madaurin agogonsa. Sitikar ledar burodi ta kawo shi shagonmu, tun daga nan ya riƙa samun dalilin dawowa.

Yanzu yana gyaran gidan burodin, jibi za a sake buɗewa. Tsohon allon tsatsa ta cinye shi, har kana hango sama ta jikinsa. Shi ba wani sabon rubutu yake so ba, rubutun Baba yake so, sak, amma a yanka shi da ƙarfe a sa masa fitila ta baya. Ya san Babana ne ya rubuta. Tun farko ya ce zai zo ya nemi izininsa, ni na hana shi. Saboda wani abokin Baba ya zo dubiya, yana kurɓar shayi ya ce, "An ce yaron nan zai sauke allonka ya sa na lantarki." Baba ya ce, "Ya sauke mana. Ubansa ne ya san darajarsa, kuma ya tafi." Ranar ko abincin dare bai taɓa ba. Ku gaya mini, da wane baki zan ce masa yaron nan shi ne mai son aurena, kuma ni ce aka ba aikin?

Yau da safe ina gaban madubi ina fama da mayafi, na sa doguwar riga ruwan toka mai maɓallai a hannu, sai Umma ta turo ƙofa da ledar burodi a hannunta.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Ko kin canza wurin aiki ne ban sani ba?"

"A'a, Umma."

"To ni dai na ga kullum da burodi mai zafi kike shigowa. Ban san injin buga takarda yana gashi ba."

Na sunkuyar da kai ina neman allurar mayafi wadda take riƙe a bakina.

"Ni ba yarinya ba ce," in ji ta. "Na ga yadda kike kifa waya in na shigo. In mutumin kirki ne, ya fito. In ba na kirki ba ne, ki faɗa mini in san addu'ar da zan yi. Mahaifinki ba lafiya ce da shi ba, kullum maganarsa yana son ya ga ya miƙa ki da ransa."

"Umma, na kusa makara."

"Kullum kin kusa makara."

Ina cikin mota Yaya ta turo saƙon murya. Yaya ita ce babbarmu, tana gidan mijinta amma kunnenta yana gidanmu. Na kara wayar a kunne don kada na kusa da ni ta ji.

"Auta, Umma ta kira ni. Ke wai me kike jira ne, ƙaho ya fito miki? Ki kawo shi mu gan shi. In kunya kike ji, ba ni lambarsa, ni ba ta dame ni ba."

Na tura mata hoton fuska mai dariya.

A shago na buɗe aikin. Bari in gaya muku inda matsalar take. Hoton allon na ɗauka na sa a kwamfuta. Da farko na bar manhajar zanen ta kwafe shi da kanta, sai ta bi kowace tsatsa da kowace tsagewar fenti, ta zuba mini ɗigo kamar an watsar da gero. In ka ba inji irin wannan, gefen ƙarfen zai fito kamar ɓera ya gaigaye shi. Na share duka, na bi haruffan da hannu. A kowace lanƙwasa ɗigo ɗaya a inda ta fi tudu, in ja hannayensa har layina ya kwanta daidai a kan na Baba. U, R, O, D, I, duk sun ba ni haɗin kai. B ɗin ma ya yarda, har tsakiyar wutsiyarsa.

Ƙarshen wutsiyar ne babu shi. Daidai inda ta naɗe, tsatsa ta huda kwanon, sai rami. Na nemi tsohon hoto, ba wanda ya fito da wurin sosai. Sai na riƙa ƙirƙira. In na naɗe ta ciki, ta yi kamar dodon koɗi. In na sake ta, ta yi kamar igiyar shanya. Na ƙara ɗigo, layin ya yi gwiwa. Na cire, ya faɗi. Na ja hannun nan, na can ya karkace. Idona har yaji yake yi.

Wajen hantsi Mai Burodi ya shigo, da farar riga ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu. Ya gaida Oga, ya zo ya tsaya bayan kujerata, nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Malama, ina kwana."

"Lafiya lau. Duba wannan."

Ya daɗe yana kallo. Ni kuma ina kallon inuwarsa a gilashin kwamfutar.

"Ya yi kyau," in ji shi.

"Kar ka yi mini kara."

Ya sosa ƙeya. "To, ba shi ba ne. Ni a ƙarƙashin allon nan na girma. Ba zan iya zana miki shi ba, amma in na gan shi zan gane shi. Wannan kamar wani ne ya sa rigar mahaifina."

"Na gwada duk yadda na sani."

"Akwai wanda ya sani, ai."

Na juyo na harare shi. Ya ɗaga hannu biyu sama. "Ban ce komai ba."

Oga ya leƙo daga bayan injin sitika. "Auta, mai yanka ƙarfe ya kira. In aikin nan bai isa wurinsa kafin la'asar ba, ya ce sai wani satin, yana da wasu a layi. Kowace wutsiya ce ki sa mata, wa zai tsaya a titi yana auna wutsiya?"

"Ni," in ji Mai Burodi, a hankali.

Oga ya yi dariya ya koma. Ni ban yi ba. Na rufe kwamfutar, na zura ta a jaka, na ce zan je gida in dawo. Mai Burodi ya biyo ni har bakin titi.

"In kai ki?"

"A'a."

"Malama, fuskarki..."

"Don Allah ka bar ni in tafi tun ƙarfin halin bai gudu ba."

Na tarar da gidan shiru. Umma tana kicin, ina jin ƙarar tukwane. Baba yana falo a kujerarsa ta kusa da taga, da farar singileti da zane a kafaɗa, rediyo tana magana ƙasa-ƙasa, sandarsa a jingine da bango. Na cire takalmi, na durƙusa a kan kafet.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Auta? Lafiya da rana tsaka?"

"Aiki ne ya gagare ni."

"To ni na san aikinku ne?"

Na jawo ƙaramin teburin shayi, na ɗora kwamfutar, na buɗe. Ya fara juya fuska wajen taga kamar kullum. Na ce, "Baba, don Allah. Sau ɗaya."

Ya waiwayo. Hoton allonsa ne ya cika fuskar kwamfutar, ja a kan fari, da ramin tsatsar. Ya miƙa hannun hagu ya kashe rediyo.

"Ke ce," in ji shi.

"Ni ce, Baba."

"Duk faɗin garin nan, ke aka samu ki sauke ni."

Hawaye suka cika mini ido. Na ce ba sauke shi za a yi ba, rubutunsa ne za a mayar ƙarfe don kada ya lalace. Na ce mai wurin ya ƙi kowane rubutu sai nasa. Ina magana ina haɗa kalmomi kamar mai ba da haƙuri a gaban alƙali. Da na rasa abin cewa, sai na danna na ɓoye hoton, zanena ya fito shi kaɗai, baƙin layi a kan fari.

Ya ƙanƙance ido. "Miƙo mini tabarau."

Na ɗauko a kan talabijin, na ba shi. Ya saƙala da hannu ɗaya. Ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Da ya zo ƙarshen wutsiyar sai ya ja tsaki.

"Wannan mene ne? Ƙugiyar rataye nama?"

"Wurin ya cinye, Baba. Ban san yadda take ba."

"Ai ba naɗewa ta yi ba. Wa ya ce miki naɗewa ta yi? Hawa ta yi, ta leƙa, ta dawo." Ya ɗaga yatsan hagu ya zana a iska. Yatsan ya yi rawa, ya sake. "Nan buroshi ya kwanta da cikinsa. Nan ya fara tashi. Nan kuma bakinsa kaɗai ke taɓa kwano."

Na matso da wurin ya yi girma. Na share ɗigogin da na jibga, na bar guda ɗaya a gindin hawan. Na kama hannun ɗigon na ja sama. Layin ya taso ya yi baka.

Baba ya ɗan zabura. "Me kika yi?"

"Hannun ɗigon na ja."

"Sake in gani."

Na ja, layin ya kumbura. Na maido, ya kwanta. Ya matso da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa teburin.

"Ya yi yawa. Mayar da shi yadda yake."

Na danna, ya koma. Ya dube ni ta saman tabarau. "Haka kawai? Ya koma?"

"Ko sau nawa ne, Baba."

"Hm. Mu in ya zarce, sai ka goge da kananzir ka jira ya bushe, mai shago yana tsaye a kanka." Ya nuna linzamin da ke hannuna. "Ba ni abin nan."

Na tura masa linzamin. Ya ɗora hannun hagu a kai, ya kama hannun ɗigon da ƙyar. Da ya ja, hannunsa ya fizge, layin ya yi tsalle ya ratsa ta cikin haruffan duka, ya murɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na yi maza na danna ya koma, na ce, "Ba komai, Baba, kowa haka yake fara..."

"Kar ki lallashe ni kamar yaro."

Ya ture linzamin. Ya kalli hannunsa na dama da ke cinyarsa, ya daɗe yana kallonsa. Na ce a raina, shi ke nan, na ɓata komai, na zo na tuna masa abin da yake ƙoƙarin mantawa. Na kai hannu zan rufe kwamfutar.

"Wa ya ce ki rufe? Kama. Ni zan faɗa, ke ki ja."

Haka muka yi. "Sama. Sama kaɗan. Ke, kaɗan na ce. Tsaya. Yanzu na cikin, matso da shi, wutsiya ba ta tafiya da kauri ɗaya." Wutsiyar layi biyu ce, na waje da na ciki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin buroshi. Ni da na bar su suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar layin dogo. Shi ya sa na riƙa matso da na cikin a hankali har suka kusa haɗuwa. A can ƙarshe na kama bakin layukan biyu na haɗe su a ɗigo ɗaya, na mayar da shi mai kusurwa, ya yi tsini siriri.

Na janye hannuna. Wutsiyar ta bi ƙarƙashin kalmar, ta hau, ta leƙa kan I, ta dawo ta ƙare kamar gashin ido. Tsikar jikina ta tashi. Na san ta. Tun ina ƙarama nake wucewa ta ƙarƙashinta, na manta ne kawai.

Umma tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ban san tun yaushe ba.

Baba ya cire tabarau ya goge ido da gefen zanensa, ya mayar. "Yaushe za su sauke na can?"

"Gobe, Baba."

Ya juya wajen Umma. "Ɗauko mini riga da hula. Zan je in gan shi a tsaye kafin su taɓa shi."

Ludayin ya kusa faɗuwa daga hannunta. Mutumin da ko baranda sai an yi da gaske yake fita. Ta juya da sauri ta shige ɗaki, ina jin tana buɗe durowa tana hamdala.

Jama'a, a nan ne ya kamata labarin yau ya ƙare, da na yi barci mai daɗi. Amma na manta saƙonnin wayata suna fitowa a kwamfutar. Ƙaramin akwati ya ɓullo a kusurwa, daidai inda idon Baba yake. Kafin in kai hannu, ya riga ya fara karantawa, a fili, a hankali, yadda yake karanta jarida.

"Mai Burodi. Malama, tun da kika tafi da fuskar nan hankalina bai kwanta ba. Ki bar ni in zo in gaida Baba, na gaji da son ki a ɓoye kamar ɓarawo."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Gumi ya karyo mini har tafin ƙafa. Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Wane mai burodin?"

Kafin in haɗa amsa, wani akwatin ya sake ɓullowa a ƙarƙashin na farko. Wannan bai karanta a fili ba. Tare muka karanta shi da ido.

"Innalillahi. Masu fenti sun sauke allon ba na nan, wai yana tare musu bango. Ya kufce musu ya tsage biyu. Wannan ba zan ɓoye shi ba. Ga ni nan zuwa gidanku da shi, ki yi haƙuri."

Umma ta fito da shuɗiyar rigarsa a kafaɗa da hula a hannu, tana murmushi. Ta dube shi, ta dube ni, murmushin ya tsaya.

"Me ya faru kuma?"

"Sa mini rigar," in ji Baba.

Ta sa masa, ta gyara masa hannun daman a cikinta, ta ɗora hular. Wayata ta fara ruri a jaka, Oga ne, na kashe. Ta sake, na sake kashewa. Can muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sannan sallama, da muryar nan tasa mai sanyi.

Baba ya ɗauki sanda. Na miƙe zan riƙe shi, ya kauce. Ya taka shi kaɗai, ƙafar dama tana jan ƙasa, ya ratsa baranda, ya isa ƙofar gida. Ni da Umma muna biye kamar masu rakiyar ƙwai.

Motar raba burodi ce, ƙofar bayanta a buɗe. Mai Burodi ya shimfiɗa buhunan fulawa, ya kwantar da allon a kai, gida biyu. Tsagewar ta bi ta tsakanin R da O. Farar rigarsa duk jan tsatsa, kuma ya ɗaure yatsa ɗaya da hankici. Yana ganin Baba ya durƙusa a nan bakin titi.

"Barka da rana, Baba."

Baba ya matsa jikin motar, ya jingina sandar, ya ɗora tafin hagu a kan B ɗin. Ya bi wutsiyar da yatsa har inda ta tsage, ya tsallaka, ya ci gaba har ramin tsatsar.

"Kai ne ɗan marigayi."

"Ni ne, Baba."

"Kai ne kuma mai aiko wa 'yata saƙo."

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Laifin allon nan nawa ne, da na tsaya a wurin da bai faru ba. Na so in zo tun kafin a fara maganar sabo."

"Me ya hana ka?"

Bai ko kalli inda nake ba. Ni na ce, da wata murya da ban san tawa ba ce, "Ni na hana shi, Baba. Tsoro na ji."

Wayata ta sake ɗaukar ruri a hannuna. Rana ta riga ta karkata. Baba ya dubi wayar.

"Masu injin ne?"

"Oga ne. In ban tura yanzu ba, ba za a yanka ba sai wani satin."

"To kar ki tura." Ya ɗauki sandarsa. "Rubutuna ne. Ba wanda ya tambaye ni. An sauke, an karya, sannan a ɗauki hannuna a ba inji, ni ina zaune a ɗaki kamar na mutu. Ban yarda ba."

Umma ta ce, "Haba, Malam..."

"Ban yarda ba, na ce."

Na dubi Mai Burodi. Na san ya gaya wa duk masu sayen burodinsa jibi ne, na san mahaifiyarsa ta gayyato 'yan'uwa. Na san kuma abin da Oga zai yi mini in aikin nan ya kwana. Dannawa ɗaya ce, aikin yana cikin wayata ma. Yatsana har zafi yake yi.

"Malama," in ji shi, karo na farko da ya yi mini magana a gaban iyayena, "kar ki tura. Zan kira Oga da kaina, in ce ni na dakatar."

Baba ya juyo gaba ɗaya ya dube shi. "Za ka buɗe shago ba allo?"

"Zan buɗe, Baba."

"Mutane su zo su ga bango tsirara?"

"Sun san hanya. Ko da wane lokaci ka yarda, sai a sa. In ba ka yarda ba, bangon ya zauna haka."

Baba ya daɗe yana kallonsa, tun daga hankicin yatsarsa har takalminsa. Wata mota ta wuce, maƙwabciyarmu ta ɗaga labule ta saki.

"Tashi," in ji Baba. "Ɗauko rabin nan mai B, ka biyo ni. Ku kuma ku ba mu wuri."

Ya rungumo rabin allon ya bi bayan Baba, yana rage tafiyarsa don kada ya wuce shi. Ba falo suka tsaya ba. Ɗakin Baba suka shiga, aka turo ƙofa.

Umma ta ja ni kicin. Abincinta ya kama, ƙauri ya cika wurin, ba ta ko kula ba. Ta kashe wuta, ta riƙe haɓa tana kallona.

"Ashe burodin nan da dalilinsa."

"Umma, don Allah, me zai ce masa?"

"Ina zan sani? Ni dai tun da ya kwanta ciwon nan, ko ƙaninsa bai shigar ɗakin can ba."

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na wanke kofin da yake a wanke. Yaya ta kira, Umma ta ɗauka ta ce mata, "Ke, kashe, ana magana," ta ajiye. Na laɓe a bakin kicin ina kasa kunne. Muryar Baba nake ji ƙasa-ƙasa, ta yi tsawo, ta tsaya. Ta Mai Burodi ko kaɗan ba na ji. Aka yi kiran la'asar, na ce shi ke nan, mai yanka ƙarfe ya wuce mu. Sai aka yi shiru a ɗakin, shiru mai tsawo, har na fara tunanin ko jikin Baba ne ya motsa.

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Ba wanda ya fito.

"Auta!"

"Na'am, Baba!"

"Zo nan. Ki taho da kwamfutar nan taki, ki ce wa uwarki ita ma ta sa mayafi ta zo."